Kafin ka rabu da tsohuwar kwamfutarka, ina had diskin?

Kusan duk gidan da na sani yanzu akwai wata tsohuwar laftof da aka jefa saman durowa ko ƙarƙashin gado, ta daina kamawa ko sikirin ya fashe ko caja ta ƙone, kullum ana cewa za a kai ta gyara har shekaru su wuce, ranar da aka tashi kwalima sai a ji ɗan gwangwan yana wucewa da kurarsa a kira shi a ce nawa zai saya. Shi kam ba ruwansa, nauyi yake saya. Amma kayan ba a hannunsa suke tsayawa ba, akwai masu tsince abin da ke da sauran amfani kafin a kai sikeli, kuma abu na farko da ake cirewa bayan ram shi ne had diski, wato ma'ajiyar da duk fayilolinka ke zaune a ciki, don har gobe yana da kasuwa.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne mutuwar kwamfuta daban, mutuwar diski daban. Sau tari allon cikin ne ya ƙone ko wani ƙaramin abu, shi diskin lafiyarsa ƙalau. Minti biyar ya isa a kwance shi, a saka shi cikin ɗan kes ɗin nan mai wayar USB da za ka samu a Beirut Road ko Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, a jona a wata kwamfutar, shikenan ya buɗe kamar filashi. Kuma dan Allah kar ka ce ai na sa faswod. Faswod ɗin shiga Windows ba ya kulle fayilolin kansu, idan aka jona diskin a wani wuri ba wanda zai tambayi faswod, sai dai in ka kunna BitLocker, abin da ke kulle bayanan diskin kansu a Windows, ko makamancinsa, kuma tsakani da Allah mu nawa ne muka kunna a tsoffin injinan nan.

Toh tuna abin da ke ciki. Hoton katin NIN da ka taɓa sikanin, takardar da ke ɗauke da BVN, fasfo, takardun fili, bayanin asusun banki da ka sauke don neman biza, faswod ɗin Facebook da imel da burauza ta adana maka don ka gaji da rubutawa. Ni wlh duk waɗannan ba su kai hotuna tayar min da hankali ba. Hotunan biki, hotunan cikin gida na iyali ba mayafi ba komai, waɗanda aka kwafo daga waya don memori ya cika aka manta da su. Banki za ka iya zuwa ka canza lambar sirri gobe da safe, hoton matarka ko ƙanwarka in ya shiga gurup ɗin WhatsApp babu ofishin da za ka je a janye shi, kuma kowa ya san yanda irin wannan ke kashe aure a garuruwanmu.

Na yi zama a shagon buga takardu da gyaran kwamfuta, kuma aikin da ya fi kawo mana ɗalibai suna kuka shi ne furojet ya goge. Sai mu sa Recuva ko PhotoRec, manhajoji ne na kyauta masu dawo da fayil ɗin da aka goge, yaro ɗan sakandare ma zai iya. Wata rana wata ɗaliba ta kawo laftof ɗinta ta gwanjo, irin waɗanda ake kawowa daga Turai, muna neman babi na uku na furojet ɗinta, na bar abin yana tafiya na je sallah, da na dawo sai ga fayil dubbai sun jeru, ba nata kaɗai ba, ga hotunan wasu Turawa a bakin teku da karensu, ga wata takarda mai kama da ta albashi da suna da adireshi. Wanda ya sayar mata ya yi fomat ya ɗora sabon Windows fes, amma mai ita na farko yana nan kwance a ƙasa bai je ko'ina ba.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Idan ka danna dilit, har ka zubar da kwandon sharar, kwamfuta ba ta bi ta goge abin ba, kawai ta rubuta a rajistarta cewa wurin nan babu kowa. Kamar mai gidan haya ne ya liƙa takarda a ƙofa cewa ɗaki ya fito, alhali kayan tsohon ɗan hayan suna ciki, za su ci gaba da zama har ranar da sabo ya shigo da nasa. In diskin babba ne kuma ba a cika shi ba, wani wurin sai ya shekara ba a rubuta komai a kansa ba. Fomat na gaggawa ma haka yake, wanda ake gamawa cikin daƙiƙa goma, rajistar kawai ya sabunta. Ka yi tunani ma, ta ina za a goge gigabait 500 cikin daƙiƙa goma.

Kuma ba mu kaɗai ke wannan sakacin ba. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun fitar da sakamakon wani bincike, sun sayi tsoffin diski 158 a kasuwannin gwanjo da intanet, guda 12 kacal suka samu an goge yanda ya kamata, sauran kuwa har lambobin katin banki dubbai suka tono a ciki da bayanan asibiti. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun je Accra suna bin diddigin sharar lantarki da ake jibgewa a Agbogbloshie, wurin da a wancan lokacin 'yan arewacin Ghana da yawa ke neman abinci da fasa tsoffin kaya, suka sayi diski ɗaya a kan dala 40 suka tarar da takardun kwangilolin gwamnatin Amurka na kamfanin tsaro Northrop Grumman a ciki. Bankin Morgan Stanley ma a 2022 sai da hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 35, don ya ba wani kamfanin kwasar kaya tsoffin diski su lalata, su kuma suka sayar, har aka yi gwanjonsu a intanet da bayanan kwastomomi a ciki.

Toh ya za a yi. Ya danganta da abu biyu, diskin yana aiki ko baya yi, sannan mai faifai ne ko SSD, wato sabon samfurin da ba faifai a ciki.

In mai faifai ne, irin wanda kake jin ɗan gurnaninsa in ka kara kunne, kuma yana aiki, maganin shi ne a rubuta wani abu a kan kowane lungu nasa, ko da sifili ne zalla. Kafin komai ka kwashe abin da kake so, ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗewa, don wannan aikin ba a dawowa daga shi. In kwamfutar na kan Windows 10 ko 11 kuma sayarwa za ka yi ko kyauta, ka shiga Reset this PC ka zaɓi Remove everything, sannan ka nemi wurin da aka ce a tsaftace diskin ka kunna shi, don in ba ka kunna ba na gaggawan zai yi maka. In kuma ciro diskin ka yi ka jona ta USB, fomat ɗin ma ya isa amma ka cire alamar da ke kan Quick Format, tun daga Windows Vista cikakken fomat yana rubuta sifili ko'ina, na XP ne baya yi. Masu ɗan sani suna amfani da diskpart, wata manhaja ta cikin Windows da ake rubuta mata umarni, su ba da umarnin clean all. Nan fa a buɗe ido, lambobi yake nuna maka, diski 0 diski 1, in ka zaɓi wanda ba shi ba baya tambayarka ko ka tabbata, farawa kawai yake. Ka duba girman kowanne sau biyu, in da hali ka cire duk wani filashi ko diski da ba ruwansa.

Akwai kuma DBAN, tsohon abin goge diski da masu gyara suka saba da shi, ana ɗora shi a filashi ko CD a tada kwamfutar da shi, sai dai an daɗe ba a sabunta shi ba kuma sabbin injina kan ƙi tashi da shi, ShredOS ya fi dacewa yanzu. Kowanne ka ɗauka aikin yana cin lokaci, terabait ɗaya ka ware masa awa uku ko fiye, in ta tsohuwar USB ce ma sai ya kwana. Kar ka fara da yamma da wutar NEPA kana addu'a, ka tabbatar akwai sola ko mai a janareta.

Wani abu da ke ban dariya, in ka buɗe irin waɗannan manhajojin za ka ga zaɓin gogewa sau 3, sau 7, har sau 35, sai ka ga mutum ya zaɓi 35 wai don ya fi ƙarfi, ya ƙona man kwana uku a banza. Sau 35 ɗin nan daga wata takarda ce da Peter Gutmann na jami'ar Auckland a New Zealand ya rubuta a 1996, kuma ya haɗa salo-salo ne don irin diskin wancan zamanin da yanzu ko a bola da wuya ka samu, shi kansa daga baya ya koka cewa mutane sun maida abin kamar tsafi. Hukumar NIST ta Amurka da ta fitar da ƙa'idar goge bayanai mai lamba 800-88 ta yarda cewa a diskin zamani zagaye ɗaya ya wadatar. Ni ɗaya nake yi, in na gama sai na sa PhotoRec ya bincika, in ya dawo hannu rabbana hankalina ya kwanta.

SSD kuwa halinsa daban ne, babu faifai a ciki sai ƙananan cif, kuma shi yake zaɓar inda zai ajiye abu don kar wani ɓangare ya riga wani tsufa, har da wani wuri na ajiya da Windows baya gani. Saboda haka rubuta sifili ba lallai ya taɓa ko'ina ba. Ka nemi Secure Erase, wasu kwamfutocin yana cikin BIOS ɗinsu, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko ka sauke manhajar kamfanin da ya yi shi kamar Samsung Magician. Wata dabarar ita ce ka kunna BitLocker ya kulle dukkan diskin tukuna sannan ka yi riset, makullin ya tafi, abin da ya saura ba mai iya karantawa.

In diskin ya mutu, yana ƙas-ƙas ko kwamfuta ba ta ganinsa sam, ba ka da hanyar rubuta komai a kansa, amma bayanan na nan a faifan, kuma wani lokacin ɗan allon bayansa kawai ya lalace. Nan sai ƙarfi. Mutane na cewa a jefa a ruwa, ruwa baya goge komai, a tsame a gyara a karanta. Wasu su ce a goga masa mayen ƙarfe na sifika, wannan ma wasa ne, a cikin diskin kansa akwai mayen ƙarfen da ya fi naka ƙarfi kuma shekara da shekaru suna zaune tare. Wuta kuma, ban da hayaƙi mai guba da za ka shaƙa wa yaran gida, wutar bola ba ta da tabbas. Kumbon Columbia na Amurka da ya tarwatse a sama a 2003, an tsinci wani diski nasa a ƙasa ya babbake, kuma ƙwararru sun ciro kusan kashi 99 cikin 100 na abin da ke ciki.

Ni buɗewa nake yi. Sukurorinsa masu kan tauraro ne, sai ka samu sukundireban masu gyaran waya, kuma kullum akwai ɗaya ko biyu ɓoye ƙarƙashin takardar da aka liƙa a sama, ka bi da yatsa za ka ji ramin. In murfin ya tashi za ka ga faifan yana sheƙi, ka ga fuskarka tar a ciki, ga ɗan hannun da ke karantawa kwance a gefe, abin har tausayi yake ban in lalata, faifan da ke juyi sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya ba tare da hannun ya taɓa shi ba. Ka kwance sukurorin tsakiya ka zaro shi, wani diskin faifai biyu ne ko uku, kar ka bar ko ɗaya. Na desktof yawanci alminiyom ne, ka gurje shi a kan siminti gaba da baya sannan ka lanƙwasa shi da guduma. Na laftof kuwa sau da yawa gilashi ne ko da yake ido baya nunawa, bugu ɗaya yake tarwatsewa ya watsu har ido, don haka ka naɗe shi a tsumma ko tsohon buhu kafin ka buga, kuma a kori yara daga wurin. Mayen ƙarfen ciki ka ajiye, yana riƙe sukurori da allurai, amma yana matse yatsa ba wasa.

In ba ka da haƙurin kwance-kwance, kai shi wurin mai walda ya huda shi da diril wuri uku ko huɗu ta inda faifan yake, ko ya raba shi da giranda, kana tsaye a wurin. Ko jaridar Guardian ta Ingila da hukumar leƙen asirin ƙasar ta matsa mata a 2013 kan takardun sirrin da Edward Snowden ya fallasa, da diril da giranda editocinta suka farfasa kwamfutocin a ɗakin ƙasa jami'an na kallo. SSD kuma huda ɗaya baya isa don za ka iya kuskure cif ɗin gaba ɗaya, buɗe shi za ka yi ka farfasa kowane baƙin cif ɗaya bayan ɗaya.

Masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu da shagunan rajistar jarrabawa, ku naku ya fi nauyi don bayanan mutane ne a hannunku ba naku ba, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanai a Najeriya da hukumar da ke bin ta. Kuma ba kwamfuta kaɗai ba, akwatin da ke naɗar kyamarorin tsaro akwai had diski a ciki, manyan injinan fotokofi na ofis ma da yawansu akwai, suna ajiye hoton takardun da aka ɗora musu. Kafin a kira mai saye a sa wani ya juya bayan injin ya duba.