Ranar da na ja katanga ta bi ta tsakiyar ɗaki

Kwamfutar da muke tara ayyukan kwastomomi a shagona na Tudun Wada tana kan Ubuntu ne (wani nau'in Linux), faifanta gigabait 500. Ranar Alhamis bayan la'asar ta fara ƙin ajiye komai. Na buga df -h, umarnin da ke nuna filin da ya rage, sai ga ɓangaren faifan da manhajoji ke zaune ya cika maƙil, alhali /home, ɓangaren da ake ajiye fayilolin mutane, mai gigabait 400 ko rabi bai kai ba. Na ce bari in yanko fili daga can.

Na tayar da ita daga filashi, domin ext4, tsarin fayil ɗin da ke kan /home, ba ya yarda a rage shi yana ɗaure, wato kwamfuta na aiki da shi. Na buga fdisk -l, mai nuna ɓangarorin faifai, na kwafe lambar sektar farko da ta ƙarshe, wato inda ɓangaren ya fara da inda ya ƙare, a bayan littafin bashi. Wannan rubutun ne ya cece ni.

Kuskurena shi ne na fara rage ɓangaren da fdisk kafin in taɓa tsarin fayil ɗin da ke ciki. Ɓangare kamar katangar fili ne, tsarin fayil kuwa shi ne ginin. Ni sai na jawo katanga ta ratsa ɗakuna. Da na kira e2fsck, mai duba lafiyar tsarin fayil, ya ce girman da ke rubuce ya zarce girman wurin. Gabana ya faɗi, don a ciki akwai furojet ɗin ɗalibai bakwai da hotunan bikin wata Hajiya, ba ni da kwafinsu a ko'ina.

Na yi sallar magariba, na dawo. Na sake ƙirƙirar ɓangaren da ainihin lambobin da na rubuta, da fdisk ya tambaya ko ya goge sa hannun ext4 na ce a'a. Komai ya dawo, alhamdulillahi.

Sannan na bi tsari: na kwafe kayan mutane a wani faifai, na buga e2fsck -f /dev/sda3 (sunan ɓangaren /home ke nan), sai resize2fs /dev/sda3 240G don rage tsarin fayil ɗin, na mayar da ɓangaren 250G, na sake resize2fs ba tare da lamba ba don ya cike ragowar. Wajen ƙara girma kuwa akasin haka ake yi, katanga ce farko. Wanda ke kan tsarin fayil na XFS kada ma ya fara ragewa, ƙari kawai yake karɓa.

Kafin in danna resize2fs sai da na aiki yarona ya ƙaro mai a janareta, domin idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar kwashe bayanai, lambobin bayan littafi ba za su yi mini rana ba. Ƙarfe goma saura na rufe shago.