Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Sandar da Babu Mai Ita

Makon jiya na tsaya a inda muka sulale daga Agadas cikin dare. A da, ranar Litinin motoci ke fita a jere, sojoji na yi musu rakiya har Dirku, garin da ke kan hanyar Libiya. Da aka kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka shiga kama direbobi da ƙwace motoci a 2016, sai kowa ya koma ɓarauniyar hanya, nesa da rijiyoyi, domin a bakin rijiya jami'an tsaro ke jira. Mu ma haka muka yi a bazarar 2017.

Mutum 25 muka loda a bayan Hilux, ƙafafu a waje suna reto, kowa da sandar da aka kafe masa tsakanin cinyoyi, ita ce abin riƙonsa. Aikina na yaron mota, duk inda aka tsaya in ƙirga kawuna. A dare na biyu muka tsaya rage iskar tayoyi saboda yashi. Barci ya ci ƙarfina. Maigida ya ce, "Sun cika?" Na ce, "Sun cika." Wallahi ban ƙirga ba.

Sai da muka tsaya sallar asuba wani saurayi ya fara zagaya motar yana kiran ƙanensa. Tun a Agadas aka raba su, ɗaya dama ɗaya hagu, don nauyi ya daidaita. Ga sandar yaron nan a kafe, babu mai ita. Na kusa da shi ya ce ya zaci gaba ya koma. Ko gyangyaɗi ne ya kayar da shi, ko a wurin tsayuwar nan ya sauka kama ruwa muka tafi muka bar shi, har yau ban sani ba.

Maigidana ɗan Tubawa ne, ya tsufa a hamadar Tenere, ba mai yawan magana ba. Ya zura kara a jarkokin mai, ya girgiza na ruwa. Ɗaya cikin na ruwan ta tsage a hanya ta tsiyaye, saura ɗaya da rabi. Ya ce man zai kai mu garin Sigidin da ɗan rara kaɗan, kuma rarar nan ita kaɗai zai iya ba yaron. Muka juya muna bin sawun tayarmu. Ba mu yi minti arba'in ba iska ta taso, sawun ya shafe kamar mota ba ta taɓa bi ba. Ya kashe injin.

Wan yaron ya durƙusa ya kama ƙafarsa. "Baba, don Allah, don Annabi, a ƙara gaba kaɗan. Inna ce ta damƙa mini shi." Wasu suka ce a ƙara, wasu suka sunkuyar da kai. Akwai wata mata mai goyo da ba ta ce uffan ba, jarkar ruwa kawai take kallo. Ni mutumin Matamaye ne, maƙwabtan Kance, kuma babu wanda ya manta Oktoban 2013 a wajenmu, lokacin da aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Abin da na gani a idon matar nan ke nan.

Maigida ya ce, "Ɗana, in na ƙara awa ɗaya, ba shi kaɗai za a yi wa makoki ba." Ya sa na cika galan guda da ruwa, ya zare sandar yaron ya kafa ta a kan tudu, ya kwance rawaninsa ya ɗaura a kanta, muka ajiye galan ɗin a gindi. Ni da wasu maza biyu muka ɗaga wan muka sa a mota, yana fizge-fizge har ya cije ni a dantse. Tabon na nan.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: da motar ta fuskanci arewa, sanyi na ji a zuciyata. Na ji daɗi zan rayu, alhali mutum na kuka a kafaɗata.

Bayan shekara biyu na kai maganar gaban wani malami a Damagaram. Na kawo masa ƙissar Annabi Yunus, Alaihis Salam, da ƙuri'ar da aka jefa a jirgi. Ya ce Imamu Gazali ya tattauna mas'alar jirgin da zai nutse, ya ce bai halatta a jefa mutum ɗaya a ruwa don sauran su tsira ba. Amma ku, in ji shi, ba jefa shi kuka yi ba, kun nema kun kasa, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Maigidanka bai yi laifi ba. Sai na gaya masa zancen ƙirgar da ban yi ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko mahaifiyar yaron na da rai.

Tana da rai, a wani ƙauye cikin ƙasar Katsina. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na yi sallama a ƙofar gidanta.