Satifiket ɗin Charles ya ƙare, na ɗora wa sabar laifi

Wata safiyar Disamba ce, irin sanyin Jos ɗin nan da yatsu ke ƙin motsi. Na zauna a ɗan ofishinmu da ke hanyar Bauchi ina neman abin da ke jinkirta manhajar da muke gina wa wasu dillalan dankali na kasuwar Farin Gada. Na kunna Charles, manhajar da ke nuna bayanan da waya ke musayarwa da sabar, na saita wayar gwaji ta bi ta kwamfutata a tasha ta 8888 kamar kullum. Sai komai ya tsaya cak, kowace buƙata ta HTTPS, wato amintacciyar hanyar sadarwa da shafi, ta koma ja a allon Charles, alamar ta gaza.

Nan take na ce sabar ce. Awa biyu na kwashe ina tonon ta, ga shayina ya huce a gefe. Wani ƙanina da muke aiki tare ya leƙo ya ce, "Yaya, ka duba ranar satifiket kuwa?" Na buɗe Chrome a wayar, sai ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID ƙarara. Na fara duba agogon wayar, don wayar da ba layi a cikinta takan ɓata kwanan wata idan ta daɗe a mace. Agogo lafiya lau. Tushen satifiket ɗin Charles ne wa'adinsa ya cika.

Charles yana zama ne tsakanin waya da sabar, yana ƙera wa kowane shafi satifiket, wato shaidar da waya ke dubawa kafin ta yarda da shafin, ya sa masa hannu da nasa na tushe. Da zarar tushen ya ƙare, duk abin da ya sa wa hannu ya zama banza, ko da sabar tana lafiya garau.

Sabuntawar ba ta kai minti biyu ba: Help, SSL Proxying, Reset Charles Root Certificate, sannan na sauke sabon a waya ta chls.pro/ssl. Wahalar tana gaba. A iPhone saukewa kaɗai ba ta isa, tun daga iOS 10.3 sai ka shiga About a cikin Settings ka kunna amincewa da hannunka. Android kuwa, tun fitowar Android 7 a 2016 manhajoji ba sa yarda da satifiket ɗin da mai waya ya sa, sai an ba da izini a fayil ɗin tsaron manhajar. Mu kuma bara mun cusa tsohon ne a cikin sigar gwaji, muka manta. Sai da na musanya shi na sake haɗa manhajar, bayan la'asar, kafin layukan suka dawo.

Tsofaffin duk na goge su, domin sunayen sun yi kama sosai, sai su rikita mutum. Kuma na hana kowa sa satifiket ɗin Charles a wayar da yake shiga banki da ita. Duk wanda ya sami makullin tushen nan zai iya karanta abin da wayar ke aikawa idan ta bi ta hannunsa.

Kafin mu tashi, na yanko salatif na manna a bayan wayoyin gwajin guda uku, na rubuta ranar ƙarewar sabon da jan biro.