Nawa ƙaramar talabijin ke ci a kuɗin wuta?

A gidaje da yawa, da zarar kuɗin mita ya fara ƙarewa da wuri, talabijin ake fara ɗora wa laifi, har a hana yara kallo. Amma in ƙarama ce samfurin LED, inci 24 ko 32, da wuya ta zama ita ce mai cinye kuɗin. Kayan da aka jona a gefenta sun fi ta ci.

Lissafin ba shi da wuya. Ka ninka wat ɗin na'ura da awoyin da take kunne, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit, wanda mita ke cirewa. LED mai inci 24 takan ja wat 20 zuwa 30, mai inci 32 kuwa wat 30 zuwa 50. A ɗauki wat 30, ana kallo awa 6 kullum: yunit 0.18 ke nan a rana, 5.4 a wata.

Sai farashi. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta kai kuɗin rukunin Band A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Daga baya aka sauke, a watan Yuli ya tsaya kan naira 209.5, wanda in aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari yake komawa wajen naira 225 ɗin. A wannan farashi, yunit 5.4 ya kama naira 1,215 a wata. A lokacin, sauran rukunai ba su biyan ko rabin haka. Rasit ɗin da ake ba ka in ka sayi wuta yana ɗauke da kuɗi da adadin yunit, ka raba ka ga naka farashin.

Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, inci 21, takan ja wajen wat 80, yunit 14.4 a wata, naira 3,240. Filasma ta asali kuwa, mai inci 42, ta kan wuce wat 150. A kasuwa kowace mai faɗin allo filasma ake ce mata, don haka in na hannu za ka saya, juya bayanta ka karanta takardar da ke manne, ko ka ɗora hannu a allon bayan ta yi awa guda a kunne. Filasma na ɗaukar zafi sosai.

Lambar wat da ke kan wannan takarda iyakar abin da talabijin za ta iya ja ce, a zahiri ƙasa da haka take ci. Mai son tabbatarwa ya duba fuskar mita, akwai rubutu irin 1000 imp/kWh kusa da jar fitila mai ƙiftawa. In 1000 ne, kowane ƙiftawa wat ɗaya ne na awa guda. Kashe komai a gidan, har firji, ka bar talabijin kaɗai. Mai wat 30 za ta sa fitilar ta ƙifta sau ɗaya a minti biyu.

Yanzu ga inda kuɗin ke zurarewa. Dikoda takan ja wajen wat 10, kuma da yawa daga cikinsu ko an kashe da rimot ba sa rage ci sosai, shi ya sa za ka taɓa ka ji da ɗumi tsakar dare. Wat 10 na awa 20 a rana yunit 6 ne a wata, naira 1,350. Ka ga ta wuce talabijin ɗin kanta, alhali awa 6 kawai aka mora. Talabijin ta zamani in an kashe ta da rimot wajen rabin wat take ja, wannan ba abin damuwa ba ne.

Sitabilaiza ma haka. Akwai taransifoma a cikinta da ke cin wuta muddin tana jone, ko babu abin da take ɗauke da shi, kuma yakan kai wat 10 ko fiye. A ganina yawancin ƙananan LED ba sa bukatarta. In takardar baya ta ce 100–240V, talabijin ɗin na iya jure ƙarancin wuta da kanta. Abin da ke ƙona ta shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da tsawa. Maganin wannan ƙaramin abin kariya ne da ake sa wa a soket, mai jinkirta wuta na ɗan lokaci kafin ya sake ta, sannan a cire filogi da wayar eriya in hadari ya taso. Jona talabijin da dikoda a soket ɗaya mai makunni, a kashe daga bango in an gama kallo.

A jikin talabijin, fitilun bayan allo ne ke cin mafi yawan wutar. Wasu suna zuwa da saitin shago, haske a ƙure. Shiga saitin hoto ka rage hasken baya zuwa wajen rabi. Ci zai ragu, fitilun kuma za su daɗe, domin zafi ne ke kashe su, har ka ga murya na fita allo baƙi ƙirin.

Janareta ya rushe duk wannan lissafi. Ƙaramin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai yana shan kusan rabin lita a awa, kuma ba ya rage sha sosai don kayan da ke kansa kaɗan ne. Kallon awa 6 ya kusa lita 3, kuɗin dare ɗaya ya fi na wata guda a mita.

Wanda ba ya samun wuta, batir da sola sun fi masa. Talabijin da dikoda wat 40 ne, awa 6 ya zama 240, a raba da bolt 12 na batir ya ba da 20Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Batir mai ruwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, in ba haka ba ƙarfinsa zai mutu da wuri, don haka 40Ah ne mafi ƙanƙanta. Faifan sola mai wat 100 ya isa ya cika shi a ranar arewa, in ana goge masa ƙura lokacin hunturu, tare da na'urar daidaita caji tsakaninsu. Talabijin mai shan bolt 12 kai tsaye ta fi, saboda inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, na cin nata kason ko babu kaya a kanta. Yi amfani da waya mai kauri 2.5mm², gajera, domin siririya mai tsawo na rage ƙarfin wuta har talabijin ta riƙa mutuwa da kanta. Sa fis mai amfiya 5 dab da batir, kuma ka tabbatar jar waya da baƙa kowace tana wurinta kafin ka jona, juya su na iya ƙona kayan wutar cikin talabijin nan take.