Wasiƙa daga Holand: ramammiyar mai ciki da maganin ƙiba

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena na gida, har da mazajenmu idan an miƙa musu waya sun karanta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ya gida, ya yara, ya fama da tsadar nan? Mu nan Holand alhamdu lillahi, sai sanyi da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Dalilin wannan wasiƙa wani saƙo ne da ke yawan zuwa mini a WhatsApp, kusan kalma ɗaya duk da bakuna daban-daban: "Anti, don Allah idan za a zo gida a taho mini da maganin ƙiba na Turai. Cikin nan ya tsotse ni, duk ƙashin wuya ya fito, har dangi suna cewa ba a ba ni abinci." Saboda na yi aikin ungozoma a asibiti kafin aure ya kawo ni nan, ana ganin na san wanda ya fi kyau. To, ba zan aiko ba, kuma ba rowa ba ce. Babu wata ƙwaya a kantin maganin nan da za a miƙa wa mai ciki don ta yi ƙiba. Amma damuwar taku gaskiya ce, shi ya sa na ga gara in zauna in yi bayani sau ɗaya kowa ya ji.

Da farko, ba kowace siririya ce ramammiya ba. Akwai dangin da haka Allah ya yi su, ko tukunya guda suka cinye ba a gani a jikinsu. Ma'aikatan lafiya ba da ido suke aunawa ba, suna haɗa nauyi da tsawo ne, su raba nauyin mace da tsawonta sau tsawonta. Idan abin da ya fito bai kai 18.5 ba, nauyinta ya gaza. Misali mace mai tsawon mita 1.60, idan kafin ta ɗauki ciki ba ta kai kilo 47 ba, tana cikin waɗanda nake wa magana. Na san yawancinmu ba mu san nauyinmu kafin ciki ba, sai ciki ya yi wata biyar ake zuwa awo. A irin wannan hali akan auna kaurin damtse da ɗan tef ɗin nan irin na yaran tamowa, kuma wurare da yawa suna ɗaukar ƙasa da santimita 23 a matsayin alamar cewa uwa na buƙatar ƙarin abinci.

Lissafin da aka fi amfani da shi a duniya wata cibiyar likitanci ta Amurka ce ta fitar a 2009. Mace mai matsakaicin jiki ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 daga farkon ciki zuwa haihuwa. Ramammiya kuwa kilo 12.5 zuwa 18, wato ita ce ma ake so ta fi ƙaruwa. A jikin matan Amurka aka yi wannan lissafi, don haka ba aya ba ce, manuniya ce kawai, kuma mai tagwaye nata lissafin daban. Abin da nake so ku riƙe shi ne saurin tafiyar. A wata ukun farko kilo ɗaya ko biyu sun isa, wata ma laulayi ba ya barin ta ƙaru ko kaɗan. Daga wata na huɗu, kusan rabin kilo a mako, kilo biyu ke nan a wata. Ba ƙibar da maƙwabta za su gani cikin sati biyu su yi barka ba ce.

Kuma yawancin wannan nauyi ba a kumatu yake zama ba. Jariri kansa kilo uku ne ko da ɗan ɗori. Mabiyiya da ruwan da yake kwance a ciki da mahaifar da ta buɗe sun kai wani kilo biyu da rabi. Jinin uwa yana ƙaruwa da fiye da lita guda, nono yana cika, sannan jiki ya ajiye kitse kilo uku ko huɗu na shayarwa. Don haka mace tana iya ƙaruwa daidai, fuskarta na nan yadda take, uwar miji na ta faɗa a banza.

Akwai wata magana da na sha ji a ɗakin awo, galibi daga bakin tsofaffi: "Kada ki cika ci, ɗa zai yi ƙato ki sha wuya." Wannan magana ta cuci mata da yawa. Abin da ke hana ɗa fitowa galibi ƙuncin ƙugu ne, ko yadda ɗan ya kwanta, kuma ƙuncin ƙugu sau da yawa daga ƙarancin shekaru yake, ko daga yunwar da ita uwar ta sha tana ƙarama har ta tsumbure. Jaririn da aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba kuwa, duk wadda ta taɓa riƙe irinsa ta san abin da nake nufi. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi, ya kama nono ya ja sau biyu ya saki ya yi barci, ciwo kaɗan ya kwantar da shi. Ramammiyar uwa tana cikin waɗanda suka fi haɗarin haifar irin wannan, ko ta haifi bakwaini. Idan mace ce aka haifa a haka ta tashi a tsumbure, ita ce gobe za ta sha wuyar naƙudar da aka ce ana gudu.

Ƙasar nan da nake zaune ta koyi wannan darasi da tsada. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa Mayun 1945, sojojin Jamus sun hana shigar da abinci yammacin Holand, ga hunturu mai tsanani da ya daskarar da hanyoyin ruwa. Rabon abincin mutum guda a Amsterdam ya faɗi ƙasa da rabin abin da jiki ke buƙata, a wasu watanni ma bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mutane suka koma cin albasar furen tulif, kimanin dubu ashirin suka mutu. Asibiti bai fasa rubuta nauyin kowane jariri ba, shi ya sa bayan shekara hamsin masu bincike suka iya bin sawun waɗannan jarirai. Waɗanda yunwar ta riska a ƙarshen ciki an haife su ƙanana, kuma da suka manyanta jikinsu bai iya sarrafa sukari yadda ya kamata ba. Waɗanda ta riska a farkon ciki an haife su da nauyi daidai, amma ciwon zuciya ya fi yawa a cikinsu. Yau mutanen Holand suna cikin mafi tsawo a duniya, madara da cuku kamar a zubar, amma har yanzu akwai tsofaffin da ke ɗauke da tabon wata shida na yunwar da iyayensu mata suka sha.

Yanzu maganin ƙiba. Wanda ake kira sha-ka-fashe yawanci ƙwayar deksa ce. Magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa a wasu cututtuka, har ma akan yi wa mace allurarsa idan naƙuda ta taso kafin lokaci don huhun jariri ya yi ƙwari, amma wannan na kwana ɗaya ko biyu ne a gaban likita. Shan sa kullum yana tara ruwa a jiki, fuska ta yi zagaye ta yi sheƙi, hannu da ƙafa suna nan a tsotse. Yana ɗaga sukari, yana ɗaga hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, kuma abin takaici yana iya rage girman ɗan da ke ciki. Uwa ta kumbura, ɗa ya ƙanƙance. Sai ruwan maganin nan Apetamin da ire-irensa masu buɗe ciki, wanda hukumomin magani a Ingila da Amurka suka yi gargaɗi a kansa saboda yana sa barci mai nauyi kuma yana iya taɓa hanta. Haɗin da ake sayarwa a roba ba suna ba takarda kuwa, Allah kaɗai ya san abin da aka daka a ciki. Wadda ta riga ta jima tana shan deksa kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma yana da haɗari. Ta ɗauki kwalin ta kai asibiti a rage mata a hankali.

Ƙarin abincin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki, a tsakiyar ciki kimanin kalori 340 ne a rana a kan abin da aka saba ci, a ƙarshensa kimanin 450. Cikin tafin hannu na gyaɗa da kofin nono sun kusa biyan na farkon. Ƙara dafaffen ƙwai ɗaya da ayaba, an biya na biyun. Ramammiya za ta ɗan ɗara haka. Matsalarta dai cikinta ba ya ɗaukar malmala biyu a zama ɗaya, musamman idan ɗa ya girma ya tokare. Don haka a bar maganar sau uku, a koma sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan, kuma kowane a sa masa abin da zai ƙara masa nauyi. Koko da safe a dama shi da gyaɗa ko garin waken suya, a haɗa da ƙosai. Da hantsi fura da nono. Kwaɗon zogale a cika masa ƙuli-ƙuli. Ɗan wake a zuba masa mai da ƙwai. Miyar kuka a jefa busasshen kifi da ɗan man shanu. Awara, alala, riɗi, dabino, dankalin Hausa, kabewa, duk suna bakin ƙofa. Ni da nake sayen ɗan mitsitsin garin zogale a nan da kuɗin da zai ciyar da gida a can, abin har haushi yake ba ni idan na ji an ce sai na Turai. Ruwa kuma a sha shi tsakanin abinci, kada a cika ciki da shi kafin a fara.

Lemun malt da madarar gwangwani da ake haɗawa wai ƙarin jini, sukari ne mafi yawansa, kuɗinsa ya sayi ƙwai da wake. Ƙwai kuma ba ya sa yaro sata, a daina hana masu ciki. Nono a tabbata an tafasa madarar kafin ta kwana. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar. Farar ƙasa a haƙura da ita, tana cika ciki ba amfani, tana hana jiki jan sinadarin ƙarfe da ake yin jini da shi, wani lokaci ma da dalma a ciki, kuma kwaɗayinta kansa yakan zama alamar ƙarancin jini. Hanta da muke ba mai ciki don jini, a nan hana ta ake yi saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa, yana iya cutar da ɗa lokacin da ake halittarsa. Shawarata a bar ta a wata ukun farko, bayan nan ma kada ta zama abincin kullum.

Mai laulayi ta ajiye busasshen burodi ko biskit kusa da gado ta ɗan ci kafin ta miƙe, kada ta bar cikinta ya zama wayam, ta gwada citta, kuma a ɗauke mata girkin da warinsa ke tayar mata da zuciya. Amma idan ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu ya yi ja, tana ramewa ana gani, wannan ya wuce laulayi, sai asibiti a sa mata ruwa.

Wata kuma tana ci amma sikeli ba ya motsi. A nan sai a nemi ɓarawon. Zazzaɓin cizon sauro yana iya zama a mabiyiya ba tare da uwa ta ji zafin jiki ba, yana shan jininta yana tauye ɗa. Shi ya sa ake ba da maganin zazzaɓin nan Fansidar a wurin awo daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku, kuma ake cewa a kwana cikin gidan sauro. Akwai tsutsar ciki, akwai tarin fuka, akwai cutar ƙanjamau, akwai ciwon maƙoƙo mai ƙone abinci, kowanne da gwajinsa da maganinsa. Akwai yarinya 'yar shekara sha biyar da ita kanta ba ta gama girma ba, ita da ɗan suna rabon abinci ɗaya. Akwai mai kwanika da jikinta bai mayar da abin da haihuwar baya ta ɗiba ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a bar shekara biyu kafin wani ciki. Hukumar tun 2016 take cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas. Duk zuwa ki hau sikeli, ki tabbata an rubuta a kati, ki tambayi malama nawa kika ƙaru. Na san layi da tsawo, malama a gajiye, amma haƙƙinki ne. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a sha kullum ko da ta mai da bayan gida baƙi, kada a kora ta da shayi, domin ganyen shayi yana hana ta aiki. A ba da tazarar awa ɗaya ko biyu, a haɗa ta da lemon zaƙi ko goba.

Malamai masu gida, yanzu da ku nake. A gidaje da yawa mai ciki ita ce ta ƙarshen ci. Ta zuba muku da tsokar, ta zuba wa yara, ta kankare tukunya. Idan cikin fari ne a gidan surukai, kunya ba za ta bar ta ta ce ba ta ƙoshi ba, ko da yunwa za ta kashe ta. Tsiren da ake ci a majalisa da dare a naɗo shi a kawo gida. Surfe da daka da ɗibar ruwa suna cinye abin da ta ci, a samo mai taya ta. Ku ma iyayenmu, Hajiya, ke ce za ki ce mata "zo ki ci" ta ci, in ba ke ba ba mai iya cire mata wannan kunya. Idan azumi ya zo, addini ya yi wa mai ciki rangwame idan ana tsoron lafiyarta ko ta ɗanta, ramammiyar da ba ta ƙaruwa kuwa tana gaba a wannan layi. A tambayi likita, a tambayi malam yadda za ta rama.

Abu ɗaya kuma kada a yi masa murna. Idan mai ciki ta ƙaru farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, fuska da hannu sun kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, ba ƙiba ba ce. Hawan jinin ciki ne, wanda ke kai wa ga jijjiga. A ranar za a kai ta asibiti, ko da tsakar dare ne.

A gaishe mini da su Inna da duk masu jego. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.

Taku,
'yar'uwarku a Amsterdam