Kada Ku Jira Sai Kun Gyaru Kafin Ku Dawo

Ƙannena a cikin Ubangiji, akwai kuskuren da ya ci wa yawancinmu, mu da muka riga ku a bangaskiya, shekaru masu yawa. Mutum ya faɗi cikin zunubi, kunya ta rufe shi, sai ya yanke wa kansa hukunci: ba zai sake addu'a ba sai ya yi wata guda bai maimaita ba. Daga nan ya koma bencin baya a majami'a, ya bar zumuntar matasa, ranar Jibin Ubangiji kuma ya sulale kafin a fara rabawa. Yana ganin tawali'u ne, alhali so yake ya biya da hannunsa abin da aka riga aka biya.

Ku buɗe Romawa 5:8. Tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mun shiryu ba. Afisawa 2:8-9 ta ƙara da cewa ceto kyauta ce, ba ladan aiki ba. Wanda ya ce bai cancanci ƙaunar Allah ba, gaskiya ya faɗa, sai dai babu wanda ya taɓa cancanta, har faston da ke kan bagade.

Abin da ya fi hana matasa zuwa teburin Ubangiji shi ne 1 Korintiyawa 11:27-29, inda aka yi gargaɗi a kan cin Jibin Ubangiji da rashin cancanta, don ana karanta wurin ba tare da ayoyin da suka gabace shi ba. Ku fara daga aya ta 17. A Korinti masu hali ne suke riga kowa ci, wani ya bugu, talaka kuma ya tashi da yunwa. Wannan raini ga 'yan'uwa shi Bulus yake tsawatarwa. A aya ta 28 kuwa cewa ya yi mutum ya binciki kansa, sa'an nan ya ci. Binciken hanyar zuwa teburin ne, ba ƙofar fita ba.

Ku koyi bambanta muryoyi biyu, domin 2 Korintiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki gida biyu: wanda yake kai ga tuba, da na duniya mai kai ga mutuwa. Idan Ruhu Mai Tsarki ne yake tsawata maka, zai nuna abu takamaimai: ƙaryar da ka yi wa mahaifiyarka, kuɗin da ka riƙe, abin da kake kallo a waya da dare. Yakan kuma nuna mafita. Ɗaya muryar ba ta ambaton laifi, kai ɗin take zagi gaba ɗaya, tana cewa kai munafuki ne, Allah ya gaji da kai. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna tare da sauran almajirai har Ubangiji ya maido da shi. Yahuza ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka ba shi don ya ba da Yesu, amma ya tafi da nauyinsa shi kaɗai.

Saboda haka ranar da ka faɗi, a ranar za ka furta. Kira zunubin da sunansa a gaban Allah, ka dogara ga alkawarin gafara da ke 1 Yohanna 1:9, ko da zuciyarka ba ta ji sauƙi nan take ba. Idan bakinka ya yi nauyi, yi addu'a da Zabura 51 kamar yadda take. In akwai haƙƙin wani, ka mayar, kamar yadda Zakka ya yi a Luka 19. Sa'an nan ka nemi mutum ɗaya balagagge mai riƙe sirri, namiji ga namiji, mace ga mace, ka gaya masa gaskiya. Kada ka baza wa taro, yawan kunnuwa yakan mai da tuba gulma.

Wanda ikkilisiya ta sa a horo, ya bi umarnin dattawa, amma ya ci gaba da zuwa sujada. An dakatar da shi daga wasu hidimomi ne, ba a kore shi daga gaban Allah ba.

Idan kuwa nauyin ya wuce mako biyu, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, wannan ya wuce maganar lamiri kawai. Ka gaya wa fasto ko wani babba a gida a ranar, ku je wurin likita tare.