Izinin zanga-zanga da abin da ke biyo bayan kamu

Duk lokacin da aka ce za a fito zanga-zanga, tambayar da ake fara jefo wa mutane ita ce, "Kun karɓo izini daga kwamishinan 'yan sanda?" Tambayar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kotu ta daɗe da raba wannan gardama, kuma a nan Kano rigimar ta samo asali. A watan Satumban 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami, 'yan sanda suka tarwatsa shi da barkonon tsohuwa, wai ba a ba da izini ba. Aka garzaya kotu, lauya Femi Falana ya tsaya wa ANPP a shari'ar. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa tilasta neman izini ya saɓa wa tsarin mulki, wanda sashe na 40 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. Sanar da 'yan sanda don su ba da tsaro daban, roƙon izini daban.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an jefa yaro a bayan mota. A nan ne ake cutar mu, don ba mu san sashe na 35 na tsarin mulki ba. Wanda aka kama yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a faɗa masa laifinsa a rubuce, da harshen da yake ji, cikin awa 24. Idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai shi gaban alƙali. Amma me muke gani? A miƙo masa biro da takarda da Turanci, a daka masa tsawa, hannu na rawa ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Gobe wannan takardar ce za ta ɗaure shi.

Ba na goyon bayan wanda ya fake da zanga-zanga ya fasa shagon mutane. A hukunta shi. Sai dai ko shi, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta haramta a lakaɗa masa duka don ya amsa laifi, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uwa ko ƙani a madadinsa.

Har yau na kasa manta yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Sai 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, duk sun rame, wasu suka sume a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca kafin Shugaba Tinubu ya ce a sake su.

Shi ya sa nake gaya wa ƙannena: ku haddace lambar wayar mutum ɗaya a ka, don waya ake fara ƙwacewa. Kada ku yi kokawa da mai bindiga. Ku riƙe sunan ofishin da aka kai ku, kuma in ba kuɗin lauya, 'yan gida su nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.